YADDA ZA KU GANE KO HORO YA YI AMFANI



Kowace shekara, da an gama kaka, sai a ji sanarwa: za a yi horo. Wani horon na noman rani ne, wani na turkar raguna, wani na ɗinki, wani na gyaran injin ban ruwa. Mota ta zo, an rubuta sunaye, an zauna kwana 3 ko wata 3. Ranar rufewa an yi jawabi, an raba takardar shaida, an tafa, kowa ya kama hanyar gida. Daga nan, sau da yawa, sai shiru. Ba mai komowa ya tambaya: shin me horon nan ya ƙara wa mutanen da suka yi shi?

Tambayar nan ta shafi ma'aikata, amma ku ta fi shafa. Kai ne ka fasa tafiya cin rani don ka zauna horo. Ke ce kika bar ƴar sana'arki da aikin gidanki. In an ba da kayan aiki bashi, a wuyanku bashin yake. Kuɗin da aka kashe kuma, da ba a yi horon ba, da an gina rijiya ko an sayi iri da su. Don haka ya kamata ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, kuka iya rubutu da lissafi, ku san yadda ake auna horo. Aikin ba shi da wuya. Yana son haƙuri ne, da kaye guda, da gaskiya.

TAMBAYOYI HUƊU

Ranar rufe horo, abin da ake ƙidayawa shi ne mutum nawa suka zo, kwana nawa aka yi, takarda nawa aka raba. Wannan lissafin mai ba da horo ne. Yana nuna cewa an yi aiki. Bai nuna cewa aikin ya haifi wani abu ba. Mai shuka ba ya yabon gonarsa da yawan irin da ya zuba, sai ya ga abin da ya shiga rumbu.

Ga tambayoyi huɗu da za ku yi, ɗaya bayan ɗaya.

1. Ya iya? Kada ku tsaya ga ya ji daɗin horon. Ku miƙa masa kayan aiki, ku ce ya yi a gabanku. Wanda ya koyi gyaran inji ya kwance shi ya ɗaura. Wadda ta koyi sabulu ta haɗa shi.

2. Yana yi? Iyawa daban, yi daban. Bayan wata 6, ko bayan damana guda, a je gonarsa ko rumfarsa a gani. Gani ya kori ji.

3. Ya ƙaru? Hatsi nawa ya ƙaru, kuɗi nawa suka ƙaru, bayan an fid da abin da aka kashe?

4. Ya ɗore? Bayan shekara 2 ko 3, furoje ya tafi, mota ta daina zuwa, shin yana nan yana yi? Maƙwabta sun kwaikwaya?

Horo yana iya cin tambaya ta farko ya faɗi a ta biyu. Yana iya cin ta biyu ya faɗi a ta uku. Tarihin ƙasarmu ya nuna mana haka.

ABIN DA CIBIYOYIN HORO NA DA SUKA KOYA MANA

Daga shekarun 1970 zuwa na 1980, bayan babban farin 1973, an kafa manyan furoje na noma a jihohin Maraɗi, Damagaram, Yamai da sauransu. Furojen nan sun buɗe cibiyoyin horo, waɗansu ana ce musu CPT, waɗansu CPR. Gari ya zaɓi saurayi manomi, ya tafi da matarsa, su zauna can damana guda cur. Ana koya musu noma da shanu, da zaɓaɓɓen iri, da maganin iri, da takin zamani, da shuka bisa layi, da rage tsiro a bar uku a rami. Ana koya musu karatu da rubutu. In sun gama, a ba su shanu da garma da amalanke bashi. Fatan da aka yi shi ne su koma gida su zama abin koyi, gari duka ya gani ya bi.

A cikin cibiya, gonakin sun yi kyau. Matasan sun iya aikin. Tambaya ta farko an ci ta.

Amma da aka bi su gida aka duba, sai aka tarar da yawa ba su yin duk abin da aka koya musu. Dalilan ba lalaci ba ne. Saurayi ya koma gida, gandu yana hannun mahaifinsa, shi kuwa gamana kawai gare shi, ba shi da ikon cewa ga yadda za a yi noma. Takin zamani yana son ruwa. In damana ta gaza, kuɗin taki sun tafi, bashi ya tsaya. Shanu suna son abinci rani da bazara. Da yawa sun ga cewa amalanke ya fi garma kawo kuɗi, sai suka riƙe amalanke suna dako, garma tana jingine. Da farin 1984 ya zo, dabbobi suka mutu ko aka sayar da su da arha. Bashin da ba a biya ba ya taru, har bankin bashin manoma, wato CNCA, ya durƙushe a cikin shekarun nan. Tun a 1982 ma, a babban taron da aka yi a Damagaram kan aikin raya karkara, an soki tsarin manyan furojen nan.

Me za mu ɗauka a nan? In da an tsaya ga ƙidayar waɗanda suka fito daga cibiya, da sai a ce komai ya yi. Sai da aka bi mutum har gonarsa, aka dubi rumbunsa da bashinsa, sannan gaskiya ta fito. Kuma binciken ya nuna inda gyara yake: horo ba ya isa in wanda aka hora ba shi da gona, ko kayan da aka koya masa sun fi ƙarfin aljihunsa.

TARKO HUƊU WAJEN AWO

To, a ce mun bi mutum gida, mun ga hatsinsa ya ƙaru. Shin horo ne ya ƙara shi? Kada mu yi gaggawa. Akwai tarko huɗu.

Tarko na farko: ruwan sama. Ga misali. Mutum 10 sun yi horo. Bara kowannensu ya samu dami 40. Bana kowannensu ya samu dami 60. Mai horo zai ce: na ƙara musu dami 20. Amma ku dubi maƙwabtansu 10 da ba su yi horo ba, masu gona irin tasu. Bara su ma dami 40 suka samu. Bana sun samu 55, don damana ta yi kyau. Ke nan dami 15 na ruwan sama ne. Na horo shi ne 60 a ɗebe 55, saura dami 5.

Lissafin nan yana iya juyawa. A ce bana an yi fari. Masu horo sun sauko daga dami 40 zuwa 35. Mutane za su ce horon banza ne, ga shi hatsi ya ragu. Amma maƙwabta sun sauko daga 40 zuwa 25. Ke nan horo ya tsare wa kowane gida dami 10 a mugunyar shekara. Wanda bai kwatanta ba, zai yabi horon da bai yi komai ba, ya zagi wanda ya cece shi.

Tarko na biyu: zaɓaɓɓu. Wa ake aikawa horo? Sau da yawa mai ƙwazo ne, ko mai babbar gona, ko ɗan gidan mai gari, ko wanda ya riga ya iya karatu. Irin wannan mutum, ko bai yi horo ba, zai fi maƙwabcinsa samu. In kun kwatanta shi da mafi talaucin gari, bambancin da kuka gani ba na horo ba ne, tun can yana nan.

Tarko na uku: mugunyar shekara. Mutum yakan nemi horo sa'ad da abu ya ɓaci: gona ta ƙi, ko sana'a ta tsaya. Shekara mai zuwa, da horo ko babu, yawancin mutane sukan ɗan farfaɗo. Sai a ce horo ne ya tashe su. Wannan ba a nan kaɗai yake ba. A ƙasar Amurka, wani masanin tattalin arziki mai suna Orley Ashenfelter ya nuna a 1978 cewa samun mutanen da ke shiga horon gwamnati yakan faɗi gab da shigarsu. Wanda ya auna daga wannan rami, zai ga hawan da ba duka na horo ba ne.

Tarko na huɗu: waɗanda suka ɓace. Mutum 20 suka fara horon ɗinki. Bayan shekara guda, an tarar da 6 suna ɗinki a kasuwa, suna samu. An yi hira da su, an rubuta labari mai daɗi. Ina sauran 14? Waɗansu sun sayar da keke, waɗansu sun tafi cin rani, waɗansu ba su ma gama ba. Lissafin gaskiya yana farawa daga duk sunayen da aka rubuta ranar farko. Wanda ya bari, a rubuta ya bari, a rubuta dalili.

ƘURI'A: HANYAR DA TA FI GASKIYA

Maganin tarkon nan shi ne a samu ƙungiya biyu masu kama da juna, ɗaya ta yi horo, ɗaya ba ta yi ba, a bi su tare. Amma yaya za a tabbata sun yi kama da juna? Hanyar da masu bincike suka fi yarda da ita, ku ma kun san ta: ƙuri'a.

A ce mutum 40 suna son horo, wuri kuwa na mutum 20 ne. A rubuta sunan kowa a ƴar takarda, a zuba a ƙwarya, a kira yaro ya ɗebo 20 a gaban jama'a. Ƙuri'a ba ta san ɗan mai gari ba, ba ta san mai ƙwazo ba. Masu ƙwazo da marasa ƙwazo, masu babbar gona da masu ƙarama, za su watsu ɓangare biyu. Ruwan sama ɗaya zai sauka musu, kasuwa ɗaya za su ci. In bayan shekara an ga bambanci babba tsakaninsu, to horo ne ya kawo shi. In mutanen suna da yawa, lissafin ya fi ƙarfi, don mutum 3 ko 4 sa'a kawai tana iya raba su.

Wani zai ce: ba zalunci ba ne a hana rabin mutane? In wuri bai isa kowa ba, dole waɗansu su jira, ko da ƙuri'a ko babu. Ƙuri'a ta fi sanayya adalci. Kuma ana iya yin alkawari a rubuce cewa waɗanda suka jira su ne na farko a zagaye na biyu.

An yi wannan aiki da mutane masu yawa. A Amurka ɗin dai, daga 1987 zuwa 1989, an raba mutum wajen 20000 ta hanyar ƙuri'a a wurare 16, waɗansu aka buɗe musu ƙofar horon sana'a na gwamnati, waɗansu aka ce su dakata. Aka bi su wata 30. Sakamakon ya nuna manya, maza da mata, sun ɗan ƙaru, ƙaruwa ta gaskiya amma ba mai yawa ba. Matasan da suka bar makaranta kuwa ba a ga ƙaruwa gare su ba. Ƙasa mai arziki ke nan, amma ita ma ba ta san gaskiyar horonta ba sai da ta auna.

Ba sai mun tafi nesa ba. An yi irin wannan awo a nan Nijar, kuma cikin garuruwan manoma irinku.

RABIN WATA A JIHAR DAMAGARAM

Kun san rabin wata: ramin nan mai siffar rabin da'ira da ake ginawa a kan fako, faɗinsa wajen mita 4, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa. Yana tare ruwan sama da ƙasa mai kyau, har fako ya koma yin hatsi ko ciyawa. An daɗe ana koyar da shi a ƙasar nan, amma manoma kaɗan ke gina shi a gonakinsu. Mutane da yawa suna cewa rashin kuɗi ne ya hana, don aikin yana da wuya, kuma da rani ake yinsa, lokacin da majiya ƙarfi suka tafi cin rani.

A 2018, waɗansu masu bincike mata biyu daga Amurka, Jenny Aker da Kelsey Jack, suka gwada maganar. Suka ɗauki gari 180 a jihar Damagaram, da manoma kusan 2900, maza da mata. Aka raba garuruwan ta ƙuri'a. Waɗansu ba a yi musu komai ba, don a samu abin kwatanci. Waɗansu aka yi musu gajeren horo kaɗai, a garinsu, aka gina rabin wata tare da su da hannu. Waɗansu kuma aka yi musu horon, aka ƙara musu da kuɗi.

Ku lura da abu biyu. Na farko, garuruwa aka raba, ba mutanen gari ɗaya ba. Dalili: in maƙwabcinka ya koya, kai ma za ka gani ka kwaikwaya, sai ƙungiya biyu su gauraye, a kasa gane bambanci. Na biyu, ba a tsaya ga tambayar baki ba. An shiga gonaki an ƙidaya rabin watan da aka gina.

Ga abin da aka gani. A garuruwan da ba a yi horo ba, ƴan kaɗan ne suka gina. A garuruwan da aka yi horo, fiye da mutum 90 cikin 100 sun gina. Ƙarin kuɗin kuwa bai ƙara yawan masu ginawa ba. Horo kaɗai ya yi aikin. Amfanin gona ya ƙaru. Da aka komo bayan shekara 3, aka tarar aikin yana nan, har waɗansu maƙwabta da ba su zauna horon ba sun ɗauka.

Awon ya nuna iyakar abin ma. Ma'aikata sukan ce a gina wajen 300 a hekta guda, amma yawancin manoma ƴan gomomi suka gina, daidai ƙarfinsu da girman fakonsu.

Ku kwatanta wannan da cibiyoyin da. Can, damana guda a nesa da gida, da kaya masu tsada, da bashi. Nan, gajeren horo a cikin gari, da kayan aikin da ake samu a kasuwar ƙauye, a kan ƙasar da mutum yake da iko da ita. Tsawon horo ba shi ne amfaninsa ba. Da ba a auna ba, da an ci gaba da cewa sai an raba kuɗi.

AJIN MANYA DA SALULA

Misali na biyu ya shafe ku kai tsaye. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an buɗe ajin yaƙi da jahilci a gari fiye da 100. Duk littafi ɗaya ake koyarwa. Amma a wajen rabin garuruwan, waɗanda ƙuri'a ta fitar, an ƙara koya wa ɗalibai yadda ake aiki da salula: karanta lambobi, rubuta saƙo, aika shi. An yi wa kowa jarrabawa tun kafin a fara, an sake yi da aka gama. Masu salula sun fi sauran a rubutu da lissafi.

Masu binciken ba su tsaya nan ba. Bayan watanni da rufe aji, sun komo sun sake jarrabawa. Kun san abin da ke faruwa: wanda ya bar karatu, karatu yakan bar shi. Aka tarar masu salula sun fi riƙe abin da suka koya, musamman lissafi. Mutum yana riƙe abin da yake aiki da shi kullum. Wannan jarrabawa ta baya ita ce amsar tambayarmu ta huɗu.

ALAMAR DA BA TA ƘARYA

Akwai alama guda da kowa zai iya gani ko ba shi da kaye: mutanen da ba a kira ba, ba a biya ba, suna kwaikwayo da kansu. A 1989, wani furoje na yankin Illela a jihar Tawa ya kai waɗansu manoma ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara fako da ramuka ana zuba taki a ciki. Suka komo suka gyara tasu tassa. Cikin ƴan shekaru aikin ya bazu gari gari, har mutane suka shiga sayen fakon da a da ba mai so, don sun san za su tashe shi. In kun ga mutum ya fid da kuɗin aljihunsa don ya yi abin da aka koya wa maƙwabcinsa, ba sai an gaya muku horon ya yi amfani ba.

Haka nan, in kun ga mutane suna rububin shiga horo don kuɗin zama da ake rabawa, ranar da kuɗin suka tsaya aikin ya tsaya, to kun san abin da suka je nema.

AIKIN DA KE GABANKU

Ba kowane gari ne masu bincike za su zo ba. Amma kowane gari da aka yi ajin manya yana da mai iya rubutu. Ga yadda za ku yi.

1. Tun kafin a fara horo, ku sayi kaye, ku ba mutum biyu amanarsa, namiji da mace. Ku rubuta sunan duk wanda zai shiga. A wani shafi, ku rubuta sunan mutane masu yawa kamar haka waɗanda ba za su shiga ba, masu gona da ƙarfi da shekaru kamar nasu. In an yarda da ƙuri'a, ya fi.

2. Ku rubuta halin kowa tun yanzu: girman gona, dami nawa ya samu bara da bara waccan, dabbobi nawa, wata nawa hatsinsa ya kai shi, bashi nawa ake binsa. Shekara 2 ta fi shekara guda, saboda tarkon mugunyar shekara.

3. Ku yi awo iri ɗaya ga kowa. Dami ba ɗaya ba ne, na wani ya fi na wani. Ku sussuke dami 2 ko 3, ku auna da tiya, ku san abin da damin kowa ke bayarwa. Tiyar hatsi ta kusa kilo 2 da rabi. In kuna son awon malaman gona, ku ja igiya mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a wurin da ba ku zaɓa don kyansa ba. Ku girbe shi dabam, ku auna, ku ninka sau 100: abin da hekta ta bayar ke nan.

4. Ku rubuta abin da aka kashe: taki, iri, magani, ƴan ƙwadago, kuɗin mai, biyan bashi, da kwanakin da mutum ya bar aikinsa. Ƙarin dami 5 da aka saya da kuɗin dami 8, asara ce.

5. Ga masu sana'ar hannu, ɗinki ko ƙira ko gyaran inji ko man gyaɗa, ku rubuta kwana nawa suka yi aiki a wata, nawa suka samu, nawa suka kashe. Ku dubi kuma tsofaffin masu sana'ar. In an hora tela 10 a garin da tela 2 suka ishe shi, sababbin sun raba cinikin tsofaffin ne, gari bai ƙaru ba.

6. Ku raba lissafin mata da na maza. Wani horon yana ƙara wa mai gida hatsi, yana ƙara wa matarsa wahala. Ku tambayi mata da bakinsu, a wurinsu: me ya shiga hannunki, wane aiki ya ƙaru a kanki?

7. Ku komo ga kaye bayan kaka ta farko, da ta biyu, da ta uku. Ku karanta shi da ƙarfi a gaban taron gari, kowa ya ji, mai gyara ya gyara.

Kada ku ƙara gishiri don ku faranta wa baƙo rai, kada ku rage don a ƙaro muku taimako. Lissafin ƙarya ku zai komo ya cuta: za a sake kawo muku horon da ba shi da amfani, ko a janye wanda ke da shi.

IN AN ZO MUKU DA HORO

Daga yau, duk wanda ya zo garinku da maganar horo, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi. A ina aka taɓa yin horon nan? Mutum nawa suka fara, nawa ke aikin har yanzu? Da wa aka kwatanta su? Kayan aikin, ana samunsu a kasuwarmu? In akwai bashi, yaya za a yi in damana ta gaza? Yaushe za ku komo ku duba? Mai horon kirki zai yi murna da tambayoyin nan, don shi ma yana son ya san inda ya ci da inda zai gyara.

Ku tattauna maganar nan a ƙungiyarku ta masu sauraron rediyo, da wurin taron ƙungiyar manoma. Ku tuna da horon da aka yi a garinku cikin shekara 5 da suka wuce, ku jera su, ku yi wa kowanne tambayoyin nan huɗu. Abin da kuka samu, ku rubuta shi da hannunku, ku ba malamin gona na yankinku ya kawo mana.

Allah ya ba mu damana mai albarka.